Ranar da Wayoyinmu Suka Yi Shiru

(Jawabin da ma'aikatan sashen raya karkara suka gabatar a taron wakilan ikilisiyoyin ƙauyuka)

   

Kun saba jin mu da maganar taki, iri da rijiya. Yau labarin wata rana ɗaya muka kawo muku, da abin da ta koya mana. Amma kafin mu fara, muna da tambaya. Kada kowa ya ciro wayarsa. Wa zai iya faɗin lambar matarsa ko ta mijinta da ka? Wa ya san lambar mai motar da ya fi kusa da ƙauyensu? Mu ma da aka yi mana wannan tambaya a wancan lokaci, da mun sunkuyar da kai.

Yadda ranar ta fara

A ƙarshen watan Yuli, mu biyu muka hau babur zuwa wani ƙauye da ke bayan rafi, domin taron ƙungiyar ajiya da bashi. Mun isa ran Laraba da yamma. Da dare aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, rafi ya cika ya batse, muka kwana a gidan mai bishara.

Da gari ya waye ran Alhamis, muka duba waya, babu sabis. Kowa ya ɗauka tasa ce ta lalace. Wani ya kashe ya kunna, wani ya cire sim ya goge a riga ya mayar. Samari suka hau suri, wasu suka hau dutsen bayan makaranta suna ɗaga waya sama. Shiru. Muka ce zuwa anjima zai dawo.

Asara ta fari ta same mu kafin rana ta yi tsaka. 'Yan ƙungiya sun yi watanni suna tara kuɗin takin masara. Mai shago a gari ya yi alkawari zai ajiye musu buhu 40 har ƙarfe goma sha biyu na ranar, in sun tura kuɗi. Kuɗin yana banki, hanyar taɓa shi kuwa tana cikin wayar ma'aji. Mai POS na ƙauyen ya zauna a rumfarsa ya naɗe hannu. Rana ta yi, lokaci ya wuce, mai shago ya sayar wa wasu. Da aka koma bayan mako ɗaya, taki ya ƙara kuɗi, masara kuma ta riga ta fara yin rawaya. Mu ne muka ba su shawara su daina ajiye kuɗi a akwati su kai banki saboda ɓarayi. Shawarar tana da kyau har gobe, sai dai ba mu taɓa tambayar kanmu abin da za a yi ranar da babu sabis ba.

Abin da ya fi taki

Wajen ƙarfe uku na yamma, wata yarinya da ke da cikin fari ta haihu a gida. Ɗa ya zo lafiya, an fara guɗa. Ba a jima ba ungozoma ta fito ta ce jini ya ƙi tsayawa.

Mijin ya ciro waya. Yana da lambar mai mota a ƙauyen da ke ƙetaren rafi, yana da lambar malamar asibiti, yana da kati. Ya tsaya a tsakar gida yana danna waya, yana sake dannawa, hannunsa na rawa. Mu ma, da takardun shaidarmu da duk tarurrukan horo da muka halarta, tsayawa muka yi muna duba namu wayoyin.

Uwar zumunta ce ta daka mana tsawa. Ta ce, "'Ya'yana, ku ajiye abin nan! Kai, ruga ka buga ƙararrawa, kada ka tsaya sai mutane sun taru."

Ƙararrawar, kamar ta yawancin majami'unmu, tsohon ƙarfen ƙafar mota ce da aka rataya a bishiya. Yaro ya yi ta bugawa. Tsofaffi suka jefar da fartanya suka taho da gudu. Matasa da yawa kuwa suka ci gaba da aikinsu, domin a saninsu ƙararrawa ta sujada ce kawai, suka ɗauka yara ne ke wasa. Sai da aka bi su gona-gona.

Daga nan aka raba aiki. Samari biyu da suka iya ruwa suka ƙetare rafi, suka ruga ƙauyen gaba neman mai mota. Aka ɓalle ƙyauren ɗaki, aka shimfiɗa tabarma da zane, aka kwantar da mai jego. Maza takwas suka riƙa karɓa-karɓa har bakin rafi, suka ratsa da ita a kafaɗa, ruwa iya ƙirji. Mai mota ya zo, amma ba shi da isasshen mai. Ɗan bumburutu ya ce shi sai kuɗi a hannu. Muka lalube aljihu, mu duka, abin da ya fito bai kai na galan ɗaya ba, domin kowa ya saba da taransifa. Uwar zumunta ta kwance bakin zanenta ta fito da kuɗin akwatin mata, wanda ta ɗauko tun daga gida ba tare da kowa ya ce mata ba.

Ɗayanmu ya bi su asibiti. A can akwai sabis. Aka ce ana bukatar jini, a kira 'yan'uwa. Yayan yarinyar yana zaune a cikin garin, amma lambarsa tana cikin wayar mijin, wayar kuma ta mutu, domin ta yini tana neman sabis har batir ya ƙare. Wani dattijon ikilisiya da ya rako su ya sa hannu a aljihun rigarsa ya ciro ɗan littafin da yake rubuta lissafin baiko. A bangon baya ya rubuta lambobin 'ya'yan ƙauyen da ke zaune a gari, da biro, ɗaya bayan ɗaya. Matasa sun sha yi masa dariya a kan littafin nan. Da shi aka kira yayan, ya zo da abokansa biyu, aka sami jini.

Yarinyar ta rayu. Ɗanta yana tafiya yanzu. Daga bugun ƙararrawa zuwa ƙofar asibiti an ci kusan awa biyu, kuma ma'aikatan lafiya suna koya mana cewa zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace mai ƙoshin lafiya cikin awa biyu. Ku auna kusancin da kanku.

Daren jira

Ɗayanmu da ya rage a ƙauye ya kwana cikin masu jira. Babu hanyar jin labari. Mutane suka taru a ƙofar gidan mijin, aka yi addu'a, aka zauna. Babu mai latsa waya, saboda haka aka yi hira irin wadda aka daɗe ba a yi ba.

A nan wani tsoho ya gaya mana yadda suke yi kafin zuwan waya. Ya ce ƙararrawa tana da harshe. Bugu a hankali da tazara, rasuwa ce. Bugu ba ƙaƙƙautawa, gobara ce ko wani na bakin mutuwa, kowa ya bar abin da yake yi. Ya ce kowace unguwa ta san yaran da ake aika, an san mai keke, an san gidan da ake ajiye gadon ɗaukar mara lafiya. Muka ce, "Baba, ina gadon yake yanzu?" Ya ce gara ta cinye shi tun tuni, ba wanda ya ga dalilin yin wani, tunda ana iya kiran ɗan acaɓa.

Washegari da hantsi ɗan acaɓa ya kawo labari cewa tana da rai. Sabis bai dawo ba sai ran Asabar.

Ba mu zo mu zagi waya ba

Kada wani ya koma gida ya ce ma'aikata sun ce a jefar da waya. Da akwai sabis a ranar, da mai mota yana bakin rafi kafin a ɗauko yarinyar, da malamar asibiti ta shirya, da an rage awa guda. Waɗanda suka girma a cikinmu sun tuna lokacin da ake ba direba wasiƙa a tasha, a jira mako biyu kafin amsa. Wayar salula ta fara aiki a Nijeriya a watan Agusta na 2001. A lokacin, layi kaɗai yakan kai naira 20,000, kira kuma naira 50 a minti ɗaya. Yau da ita muke jin farashin hatsi kafin mu ɗaura kaya, da ita 'ya'yanmu ke aiko da kuɗin makarantar ƙannensu. Albarka ce.

Abin da ranar ta nuna mana shi ne, a cikin shekaru ashirin da 'yan kai, mun kwashe abubuwan da dā suke hannun jama'a mun zuba su cikin abu ɗaya. Lambobin 'yan'uwa, kuɗi, hanyar neman taimako, har agogo da tocila, duk suna ciki. Shi kuma wannan abu, igiyarsa ba a hannunmu take ba.

Me ke sa sabis ya ɗauke?

Wayarka tana magana ne da dogon ƙarfen nan da ke kan tudu. Ƙarfen yana bukatar wuta dare da rana. A karkara yawancinsu da janareto da manyan batura suke aiki, wasu da hasken rana. In motar mai ba ta iso ba, ko ɓarayi sun kwashe batura, ƙarfe ya yi shiru. A ƙauyen da muke ba ku labari, daga baya muka ji cewa man janareto ne ya ƙare, motar da za ta kawo kuma ta kasa wucewa saboda ruwa ya cinye hanya. Ku lura, ranar da hanya ta lalace, ranar da muka fi bukatar waya, ita ce ranar da ta fi saurin ɗaukewa.

Shi ma ƙarfen yana haɗe da sauran ƙasa, sau da yawa ta wata igiya da aka binne a gefen titi. Masu gyaran hanya sukan tsinke ta da katafila. Kuma kamfanoni biyu ko uku sukan rataya na'urorinsu a ƙarfe ɗaya, shi ya sa mai sim biyu ma wani lokaci yakan rasa duka biyun tare.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin ƙauye. A watan Mayu na 2013, bayan an kafa dokar ta-ɓaci, an rufe layukan waya a jihohin Borno, Yobe da Adamawa, 'yan'uwanmu na Borno suka yi watanni a haka. A watan Satumba na 2021 an rufe sabis a jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka biyo da wasu ƙananan hukumomi na Katsina, Sakkwato da Kaduna. An fara da cewa mako biyu ne, amma wasu wurare sun haura wata biyu. A watan Afrilu na 2022 an hana miliyoyin layuka yin kira saboda ba a haɗa su da lambar NIN ba. Ran 14 ga Maris 2024, manyan igiyoyin intanet huɗu da ke ƙarƙashin teku suka lalace a kusa da gaɓar ƙasar Kwaddibuwa, harkar banki ta waya ta rikice a Nijeriya da Gana da maƙwabtansu. A watan Oktoba na 2024, yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako ɗaya babu wutar lantarki, masu cajin waya suka tsawwala kuɗi. Ba mu manta da farkon 2023 ba, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta ɓace, taransifa kuma ta riƙa maƙalewa a hanya.

Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba a yi shawara da mu ba kafin ya faru. Irin wannan rana za ta sake zuwa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Abubuwa shida da kowace ikilisiya za ta iya yi

Na ɗaya, littafin lambobi. A sayi littafin rubutu mai bango mai ƙarfi. Magatakarda ya rubuta lambar masu mota da 'yan acaɓa na kusa, ta malaman asibiti, ta mai unguwa da dagaci, ta 'yan banga da ofishin 'yan sanda, da ta 'ya'yan ƙauye da ke gari. A yi kwafi biyu, ɗaya a gidan fasto, ɗaya wurin uwar zumunta. A duba shi sau biyu a shekara, domin mutane suna canza layi. Kowane gida kuma ya rubuta lambobi biyar a takarda, yara 'yan makaranta su haddace biyu.

Na biyu, harshen ƙararrawa. Dattawa su zauna da matasa a yarda a kan bugun da ke nufin gaggawa da wurin da za a taru. A sanar a majami'a Lahadi uku a jere. A gaya wa mai unguwa da maƙwabtanmu waɗanda ba 'yan ikilisiya ba, domin gobara da naƙuda ba sa tambayar addinin mutum. A hana yara wasa da ita. Inda ake fama da matsalar tsaro, a yi wannan shawara tare da shugabannin gari, a bambanta bugun da ke cewa "ku taru" da wanda ke cewa "ku ɓuya".

Na uku, kuɗin gaggawa a hannu. Babban kuɗin ƙungiya ya ci gaba da zama a banki. Amma a ware abin da zai isa man mota zuwa babban asibiti da dawowa, da kuɗin kati da maganin farko. A sa shi a akwati mai makulli biyu, mutum biyu su riƙe, a ƙirga shi gaban jama'a kowane wata. Wanda aka taimaka da shi ya mayar bayan girbi. Ma'ajin ƙungiya kuma kada ya jira ranar ƙarshe kafin ya tura kuɗin taki.

Na huɗu, masu aike da abin ɗauka. A san matasa huɗu da za a iya tasa ko da tsakar dare, da babura biyu da masu su suka yarda kada tanki ya kwana babu mai. Kafinta ya haɗa gadon ɗaukar mara lafiya, a ajiye shi inda gara ba za ta kai ba. A je a zauna da mai mota tun yanzu, a yi ciniki, ya san cewa in an buga masa ƙofa za a biya shi.

Na biyar, mata masu ciki. Wannan ya fi duka. Kowace mai ciki ta je awo, ta kuma shirya haihuwa a asibiti. In ƙauyenku yana bayan rafi kuma watan haihuwa ya faɗo cikin damina, ta koma wurin 'yan'uwa kusa da asibiti tun kafin naƙuda. Maza, wannan shawara taku ce ku goyi bayanta, kada ku ce wa zai dafa tuwo. In an ga zubar jini, ko jijjiga, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, ko naƙuda ta wuce awa goma sha biyu, a tashi nan take. Kada a tsaya jiran sabis ya dawo.

Na shida, kula da wayar kanta. In sabis ya ɗauke, a kashe ta ko a sa ta a yanayin jirgin sama, domin neman sabis yana shanye batir, sai a riƙa kunnawa lokaci-lokaci ana dubawa. In sabis ɗin kaɗan ne, saƙon tes yakan wuce inda kira ya kasa. A san tudun da ake samun sabis na wani ƙarfe dabam. Ikilisiyar da ke da hali ta sayi ƙaramin faifan sola na caji. Rediyo mai batir kuma kada a raina shi, shi ba ruwansa da ƙarfen sabis.

In kun duba, a cikin shidan nan babu wanda ke bukatar a rubuto wa ofishinmu takardar neman taimako. Littafi, akwati, katako da zama a yi shawara, duk suna cikin ƙarfinku. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Abin da muke roƙo

Muna roƙon kowane wakili, in ya koma, ya nemi fasto ya ba shi minti goma sha biyar bayan sujada. A ce kowa ya kashe waya. Sai a yi tambaya: a ce yanzu maciji ya sari yaro a gona, babu sabis, wa zai je ina, da wane babur, da kuɗin wa? Ku bar jama'a su amsa da kansu. Inda aka yi shiru, nan ne aikinku yake. Idan muka zo zagaye na gaba, za mu so mu ga littafin da idonmu, mu kuma ji an buga mana ƙararrawar.

Matasa 'yan'uwanmu, kalma ɗaya gare ku. Ku kuka fi kowa sanin waya, iyayenmu sun dogara gare ku wajen tura kuɗi da karanta saƙo. Ku ci gaba da taimaka musu. Amma ku zauna da su ku tambaye su yadda suka yi kafin 2001, tun suna nan da ransu. Tsohon da ya koya mana harshen ƙararrawa ya haura shekara tamanin, kuma ya ce mu ne na fari da muka taɓa tambayarsa.

Mu kanmu mun gyara. Kowannenmu yanzu yana da ɗan littafi a jakarsa, kuma duk ƙungiyar ajiyar da muka kafa, a zaman farko muke maganar akwatin gaggawa. Mutanen ƙauyen nan sun haɗa sabon gado, yana rataye a ɗakin ajiya na majami'a. An riga an yi amfani da shi sau biyu, sau ɗaya ma akwai sabis, amma babur ba ya iya ɗaukar mutumin.

 Wanda ke da tambaya, ko wanda irin wannan ta taɓa faruwa a ƙauyensu, muna so mu ji daga bakinsa yanzu. Ubangiji ya kiyaye mu, ya kai kowa gida lafiya. Amin.